Godiya Ga Baba Mai Akwatin Jaridu

Baba,

Na san idanunka sun daina ɗaukar ƙananan rubutu, shi ya sa na roƙi jikanka ya karanta maka wannan bayan la'asar, lokacin da kake zama a zaure. Na kuma san abin da za ka ce: me ya kai ni buga godiya a mujalla, ba gara in zo in durƙusa in faɗa da bakina ba? Zan zo. Amma alherin da ka yi bai tsaya a kaina ni kaɗai ba. Ɗalibai fiye da 40 ne suka sha daga gare shi, wasunsu yau suna koyarwa, wasu suna karanta labarai a rediyo, kuma ina so su ma su ga cewa ban manta ba.

A farkon shekarar 2019 aka ba ni darasin karatun jarida da fassara, daga Turanci zuwa Hausa, a kwalejin da nake koyarwa a nan Kano. Ni na zaɓi batun ta'addanci a duniya da kaina. Dalilina shi ne, babu ranar da za a buɗe shafin labaran ƙetare ba a ci karo da shi ba, kuma duk ɗalibin da zai ci abinci da fassara sai ya iya kalmominsa. A ɗaukata aikin kalmomi ne kawai: in jera su a allo, a haddace, a yi jarrabawa.

A mako na farko na buga wani rahoton jaridar waje a kan harin da aka kai Babban Masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba, 2014, inda fiye da mutum 100 suka rasu. Tunanina shi ne abin da suka sani zai fi musu sauƙin fahimta. Na sa wani yaro natsattse da ke zama a layin gaba ya karanta da ƙarfi. Ya yi sakin layi biyu lafiya. Da ya kai inda aka bayyana yadda 'yan bindiga suka buɗe wuta a kan masu gudu bayan tashin bam, sai ya yi shiru, ya ninke takardar, ya ajiye a kan benci, ya fita. Bayan an tashi wata ɗaliba ta biyo ni ta ce, "Malama, yayansa a wurin ya rasu. Tare suka je sallar." Ban tambayi kowa komai ba kafin in raba takardar nan. Laifin nawa ne, kuma har yau idan na tuna yadda ya ninke ta a hankali sai ƙirjina ya yi nauyi.

A daren na zo wurinka, domin tun rasuwar mahaifinmu kai ne muke kawo wa abin da ya fi ƙarfinmu. Na zo da niyyar ka ce in bar batun gaba ɗaya, in koma labaran noma da wasanni. Ka saurare ni har na gama, sannan ka ce, "'Yata, ba batun ne ya yi laifi ba. Kin fara taɓa gyambon da bai warke ba ne. Ki fara daga nesa, ki taho gida a hankali." Ka sa aka jawo akwatin ƙarfen nan daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai yankakkun jaridu da takardun labarai na shekara talatin da wani abu da ka yi kana fassara a ɗakin labarai na rediyo: Gaskiya Ta Fi Kwabo, New Nigerian, mujallun waje, da takardun da ka yi wa gyara da jan biro. Ko bayan ka yi ritaya ba ka daina yanka kana ajiyewa ba. Ni aron akwatin na roƙa. Kai kuwa ka ce takarda ba ta magana, za ka zo da kanka.

Haka ka riƙa zuwa duk ranar Alhamis, a daidaita sahu, da sandarka da jakar ledar da kake sa tabarau. Sau uku ina cusa maka kuɗin mota a aljihu, sau uku kana aiko jikanka ya dawo mini da su.

Darasinka na farko ne ya sauya mini yadda nake karanta jarida har gobe. Ka raba ajin gida biyu. Ka ba rabi rahotannin ranar farko na harin birnin Oklahoma a Amurka, 19 ga Afrilu, 1995, inda aka tayar da mota maƙare da bam a gaban ginin gwamnati, mutum 168 suka mutu, 19 daga ciki ƙananan yara. Ɗaya rabin ka ba su rahotannin kwana uku bayan nan. Na farkon cike suke da hasashen cewa hannun mutanen Gabas ta Tsakiya ne. Na biyun suna ɗauke da hoton Timothy McVeigh, Ba'amurke farar fata, tsohon soja. Ba ka yi musu wa'azi ba. Cewa ka yi kowa ya ɗauki biro ya ja layi a ƙarƙashin duk inda aka rubuta irin su "ana zargin", "masana na ganin", "wata majiya ta ce". Sai ga rahoton ranar farko ya cika da layuka kamar gonar da aka yi wa huɗa. Sannan ka fito da na Norway, 22 ga Yuli, 2011, inda aka kashe mutum 8 a Oslo da 69 a tsibirin Utoya, yawancinsu matasa, da shafin farko na wata jaridar Ingila da ta riga ta ɗora wa Alƙa'ida alhaki kafin a bayyana cewa Anders Breivik ne, ɗan ƙasar, mai ƙiyayya da Musulmi. Ka ƙara da Madrid, 11 ga Maris, 2004, inda gwamnatin Sifaniya ta nace cewa ƙungiyar ETA ce ta kai hari kan jiragen ƙasa, ana saura kwana uku zaɓe, alhali masu iƙirarin jihadi ne. Wannan na ƙarshe da gangan ka sa shi, na gane daga baya, don kada yaran su tafi da tunanin cewa kuskuren kullum ɓangare guda yake karkata.

"Idan Baturen ya rubuta 'ana zargi', kai kuma ka fassara 'an tabbatar', ka yi ƙarya da bakin wani," in ji ka. "Kuma a rediyo magana zarar bunu ce. Mutumin ƙauye da ya ji ka da safe ba lallai ya ji gyaranka da yamma ba."

Mun fi daɗewa a kan ita kanta kalmar "ta'addanci", mako biyu cur, kuma ban yi da-na-sanin ko awa ɗaya ba. Ka nuna musu cewa kalmar Turancin daga tsoro da firgici ta samo tushe, kuma a siyasa ta yi suna ne a zamanin juyin juya halin Faransa, 1793 zuwa 1794, lokacin da gwamnati ce da kanta take fille kawunan mutane don ta tsorata sauran. Ta Larabci ma, irhabi, tsoratarwa take nufi. Tamu kuwa ta bi wata hanya dabam. Ita ma daga Larabci muka aro tushenta, amma daga kalmar da ke nufin ƙetare iyaka, wadda ta ba mu "ta'adi". Wato Bature da Balarabe sun kalli abin da aikin yake jefawa a zukatan mutane, Bahaushe ya kalli haddin da mai aikin ya tsallake. Ni da na yi digiri a harshe ban taɓa lura da wannan ba sai a bakinka.

Daga nan ka gaya musu cewa har yau Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta cimma ma'ana guda da duk ƙasashe suka amince da ita ba, cewa kamfanin dillancin labarai na Reuters yana guje wa kiran wani ɗan ta'adda da bakinsa sai dai ya ce wane ne ya kira shi haka, kuma sunan Nelson Mandela bai fita daga jerin waɗanda Amurka ke sa wa ido kan ta'addanci ba sai a 2008, shekara 15 bayan ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya. Wani ɗalibi mai kaifin baki ya ɗaga hannu ya ce, "To Baba, ke nan kalmar ta mai ƙarfi ce, wanda ya ga dama yake liƙa wa." Na ji tsoron inda maganar za ta nufa. Ka dube shi ka ce, "Ɗana, masu ƙarfi suna wasa da ita, gaskiya ne. Amma wanda ya shiga makaranta a Peshawar ya harbe yara fiye da 130, da wanda ya shiga jami'ar Garissa ya kashe mutum 148, ba ka bukatar izinin wata majalisa kafin ka san sunan abin da ya yi. Don an yi cinikin jabu ba a ce babu zinariya ba." A nan nake tare da kai ɗari bisa ɗari. Ina girmama taka-tsantsan irin na Reuters, kuma ina koya wa ɗalibaina su gane shi idan sun gani, amma ban yarda malami ya ɓuya a bayansa ba idan yaro ya tambaye shi kai tsaye ko kashe masu sallah ta'addanci ne.

Nahawun da na yi shekaru ina fama in koyar, kai da jimla biyu ka gama shi. Ka rubuta a allo: "An kashe mutum goma." A ƙasa ka rubuta: "Sojoji sun kashe mutum goma." Ka tambaye su wa ya ɓace a jimlar farko. Daga ranar ba su sake rikita siffar aikatau ta Turanci mai ɓoye mai aiki ba, domin sun ga cewa "an" ɗinmu aikin da take yi ke nan, kuma sun ga cewa wani lokaci rashin sani ne yake sa a yi amfani da ita, wani lokaci kuma tsoro ko kara. Ka jera musu yadda jaridunmu suke raba mutuwa: wannan "ya rasu", wancan "ya mutu", wasu "sun rasa rayukansu", wasu "an hallaka su", wasu kuma "an sheƙe su" ko "an aika su lahira". Ka ce kowace a cikinsu hukunci ce, kuma mai fassara ba alƙali ba ne, kada ya ƙara gishirin da babu a asali, kada kuma ya rage. Sai batun "ƙunar baƙin wake". Yawancin yaran ba su san akwai labari a bayanta ba, na mutumin da ake cewa ya rungumi ɗan sarki suka faɗa wuta tare don ya raba jama'a da zaluncinsa. Ka ce abin da ke damunka shi ne a labarin akwai ƙamshin jarumta, ga shi mun ɗauki sunan mun ba wanda yake ɗaura wa yarinya ƙarama bam ya tura ta kasuwa. Kalmar ta riga ta zauna, ba mai tumɓuke ta, amma ka so su san nauyin abin da suke furtawa.

Sai da muka yi wata guda a ƙasashen wasu sannan ka ce lokaci ya yi da za mu matso gida. Ka aza jaridun rabin farko na Janairun 2015 a kan tebur. A ranar 7 ga wata aka kai hari ofishin mujallar Charlie Hebdo a Paris, cikin kwana uku mutum 17 suka mutu, ranar 11 ga wata shugabannin ƙasashe fiye da 40 suka yi tattaki a birnin. A makon farko na watan ne Boko Haram ta afka wa Baga da Doron Baga a bakin Tafkin Chadi. Rundunar sojan Najeriya ta ce mutum 150 ne suka mutu, wasu mutanen yankin suka ce adadin zai iya kai 2,000, ƙungiyar Amnesty kuma ta fitar da hotunan tauraron ɗan'adam da ke nuna gine-gine fiye da 3,700 da aka ƙona ko aka lalata. Ka sa ɗalibai su ƙirga layukan da kowane labari ya samu, sannan su ƙirga sunayen mamatan da aka ambata. Na Paris kowa da sunansa da shekarunsa da sana'arsa. Na Baga lamba ce kawai, lambar ma ba a daidaita a kanta ba.

Ajin ya ɗauki zafi. Wata ɗaliba 'yar Maiduguri ta ce da rawar murya, "Ashe jininmu ba shi da tsada." Ba ka ƙaryata ta ba, domin akwai gaskiya a maganarta, kuma kai da kanka ka ƙara mata hujja: a Nuwamban shekarar Facebook ya buɗe wa mutanen Paris hanyar sanar da 'yan'uwa cewa suna lafiya bayan harin da ya ci mutum 130, bai buɗe wa Beirut ba, inda aka kashe fiye da 40 kwana ɗaya kafin nan, sai da aka yi ta suka sannan ya buɗe wa Yola bayan harin 17 ga wata. Amma ba ka bar su a cikin fushin kawai ba. Ka tambaye su ɗan jarida nawa ne zai iya shiga Baga a makon nan ya fito da rai. Ka tuna musu da Enenche Akogwu na gidan talabijin na Channels, wanda aka harbe a nan Kano ranar 20 ga Janairu, 2012, yana bakin aikinsa. Sannan ka ɗago jaridunmu na gida ka ce su duba ko mu mun rubuta sunayen namu. Ajin ya yi tsit. Ka ce, "Idan ba ku iya harshen da za ku rubuta sunayen nan duniya ta karanta ba, wa kuke jira ya rubuta muku?" Ban taɓa ganin ɗalibaina sun ɗauki Turanci da muhimmanci irin na makonnin da suka biyo baya ba.

Akwai ranar da muka ɗan sarara. Kusan kowace jaridar waje tana fassara wa masu karatunta sunan Boko Haram, da yawa kuma suna cewa "boko" daga kalmar Turanci ta littafi aka aro ta. Ka tambayi 'yan matan ajin me ake nufi da amaryar boko. Suka amsa baki ɗaya, suna dariya, cewa ita ce ta bogi da ake sawa a gaba a ɓoye ta gaske. Ka ce to ga amsarku, kalmar tamu ce tun kafin zuwan Bature, kuma masanin Hausar nan Paul Newman ya yi rubutu a 2013 yana tabbatar da haka. Fuskokinsu suka washe. A karon farko suka ga cewa akwai abin da suka fi babbar jaridar Landan sani.

Muna cikin zangon ne, ranar Juma'a 15 ga Maris, aka kai hari masallatai biyu a Christchurch ta ƙasar New Zealand, wanda ya ci rayuka 51. Maharin ya watsa abin da yake yi kai tsaye a Facebook, kuma kafin Alhamis hoton bidiyon yana cikin wayoyin rabin ajina. Ka ajiye darasin da muka shirya. Ka tambayi waɗanda suka tura wa wasu su ɗaga hannu, hannuwa suka tashi a sanyaye. Ka ce mutumin nan ya ɗaura kyamara a kansa ne don ya sami masu yi masa shela kyauta, duk wanda ya tura ya karɓi aikin. A gabanka suka goge. Maimakonsa muka fassara jawabin da Firaminista Jacinda Ardern ta yi a majalisa, inda ta ce ba za ta taɓa ambatar sunan maharin ba, ta kuma roƙi mutane su riƙa ambatar sunayen waɗanda aka kashe. 'Yar Maidugurin nan ce ta yi fassarar da ta fi ta kowa kyau.

Na bar maganar yaron nan zuwa yanzu domin ita ce ta fi tsaya mini a rai. Bayan fitarsa na je na ba shi haƙuri, ya ce babu komai, amma ya koma layin baya, kuma mako uku bai buɗe baki ba. Kai ne ka lura da shi ba tare da na nuna maka ba. Ka riƙa cewa ya riƙe maka jaka zuwa bakin titi. Abin da kuke tattaunawa a ƙarƙashin darbejiyar bakin ƙofa ban sani ba sai daga baya, da shi da kansa ya gaya mini cewa ka ba shi labarin Disambar 1980, lokacin rikicin Maitatsine, yadda ka zauna kana fassara adadin gawarwaki alhali ba ka san halin da ƙaninka yake ciki a 'Yan Awaki ba. Ni da na tashi a gabanka ban taɓa jin wannan labarin ba.

A makon ƙarshe ya zo ofishina ya ce in ba shi takardar nan ta ranar farko. Na yi jinkiri, ya ce, "Malama, Baba ya ce idan na shirya in karɓa." Ya fassara ta tsaf. A bayanta ya haɗo shafi guda da ya rubuta da Turanci, wanda ban sa shi ba. Ya rubuta sunan yayansa cikakke, da shekarunsa 27, da cewa tela ne, da cewa ya bar ɗinkin wata riga rabi a kan keke da niyyar ƙarasawa bayan an sauko daga masallaci. Na kawo maka ka karanta. Ka ciro jan biron nan naka, ka riƙe shi har ka kai ƙarshe, ka mayar aljihu ba ka taɓa ko harafi ba, ko da yake ni na ga kurakurai biyu na lokacin aikatau. Yanzu yana koyar da Turanci a wata makarantar sakandare, kuma duk sallah sai ya tambaye ni lafiyarka.

Akwatin yana nan a wurina. Na sa kafur a ciki saboda gara, ɗalibai kuma sun ɗauki hoton kowace takarda mun adana a kwamfuta. Na ci gaba da yanka ina ƙarawa kamar yadda kake yi, har murfin ya fara ƙin rufuwa. Ka ce in riƙe shi ya zama nawa, amma ina so ka sake taɓa shi da hannunka, don haka zan taho da shi ranar Asabar idan Allah ya kai mu, tare da mutum huɗu daga cikin 'yan ajin nan da suka ce lallai sai sun biyo ni. Shi ma yana ciki.

 

'Yarka.